Suna Linzami: Abin da Gurbin Mai Aikawa Ya Koya Mini

Ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan asalin Karaye da Rogo, wadda ke tara gudummawa kowace shekara domin biya wa ɗalibai marasa galihu kuɗin jarrabawa. Yawancin mambobinmu aiki ya watse da su zuwa Kano da Kaduna da Abuja, don haka ta imel muke tuntuɓar su. A bara na kwana biyu ina shirya wasiƙun neman gudummawar, kowa da tasa, da lambar asusun ƙungiya a ciki. Na ajiye su a matsayin daftari, na kai wa shugabanmu ya duba.

Dattijon ya karanta ta farko, ya dubi samanta, ya ce, "Ɗana, wannan ai adireshinka ne. Ba a neman kuɗin jama'a da sunan mutum ɗaya." Na ce, "Allah ya gafarta malam, gaskiya ne." Duk daftarin sun ɗauki adireshina na kaina, alhali ƙungiya tana da nata.

Maimakon in buɗe su ɗaya bayan ɗaya, sai na rubuta 'yan layukan umarni a Google Apps Script, domin kwamfuta ta bi kowane daftari ta sauya gurbin mai aikawa. Gwajin farko bai yi ba. Gmail ba ya yarda ka sa adireshin da ba ka riga ka tabbatar masa cewa kana da iko da shi ba. Sai da ya aika lambar tabbatarwa zuwa akwatin ƙungiya, ma'aji ya karanto mini ita ta waya, sannan hanya ta buɗe. Gwaji na biyu kuma ya nuna mini nawa sakacin: umarnin sabunta daftari yakan maye gurbinsa ne ɗungurungum, saboda haka takardar bayanin kuɗi da na liƙa ta ɓace, tunda ban ce a mayar da ita ba. Allah ya sa a kan daftari ɗaya na gwada.

Da farko wannan tabbatarwa ta ba ni haushi, har sai da na fahimci dalilinta. A 1982 Jon Postel ya wallafa ƙa'idar SMTP, wadda har yau ita ke jigilar imel. A tsarinta saƙo yana da ambulan, wanda na'urorin isar da saƙo ke dubawa, yana kuma da takardar ciki, wadda mai karɓa ke gani. Sunan da ke saman takardar ikirari ne kawai, babu abin da ke tilasta ya zama gaskiya. A wancan zamani masu amfani da hanyar 'yan kaɗan ne, galibi a jami'o'i da cibiyoyin bincike. Da jama'a suka yawaita, 'yan damfara suka gano wannan kafa.

Daga baya aka ƙago hanyoyin toshe ta. SPF yana bayyana na'urorin da aka yarje wa su aika saƙo da sunan wani yanki na intanet. DKIM yana buga wa saƙo sa hannu na lissafi, wanda zai lalace idan aka taɓa saƙon a hanya. DMARC, wanda aka wallafa a 2015, yana duba ko sunan da mai karɓa ke gani ya dace da aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan biyun, ya kuma faɗi abin da za a yi da saƙon idan bai dace ba. Tun daga Fabrairun 2024, Google da Yahoo suka wajabta wa masu aika saƙonni da yawa su bi wannan tsari.

Mu nan wannan ba baƙon abu ba ne. Wasiƙar sarki, magatakarda ke rubutawa, manzo ke kaiwa, amma hatimi ne ke sa hakimi ya miƙe tsaye. Magatakarda yana rubutu da sunan da ba nasa ba, kuma halal ne, domin an ba shi izini. Wanda ya rubuta irin wannan wasiƙa ba da izini ba, ko da rubutunsa ya fi kyau, maƙaryaci ne. Lambar da ma'aji ya karanto mini ita ce izinina.

Da umarnin ya kammala, cikin 'yan daƙiƙoƙi duk daftarin suka koma sunan ƙungiya. Zan iya ƙara layi ɗaya ya aika su nan take, amma ban ƙara ba. Na sake ɗaukar kwamfutata zuwa zauren shugaba bayan la'asar. Ya sa tabarau, ya dubi saman wasiƙar, ya karanta lambar asusun da ƙarfi, ma'aji yana bin ta a littafinsa. Sannan ya ce, "To, bismillah, aika."