Burtali Tsakanin Ƙanƙara da Sabuwa

Matafiyin da ya baro Funtuwa ya nufi Gusau, idan ya wuce Mairuwa ya iso mararrabar Sheme, sai hanya ta rabu masa biyu: ɗaya ta miƙe zuwa 'Yankara da Tsafe, ɗaya ta karkata zuwa Ƙanƙara. Da damina ƙasar ba ta da makusa. Masara da dawa da waken suya sun rufe ƙasa har bakin kwalta, duwatsu na leƙowa ta bayan ɗorawa da kaɗanya. Sai dai mai lura zai ga abin da ya ɓace. Ina shanu za su bi?

Kafin kwalta, akwai hanyoyin da suka ɗinke wannan yanki, daga Ƙanƙara zuwa Faskari, har Sabuwa da ke bakin dajin Birnin Gwari. Su ne burtali da labi. Burtali fili ne mai tsawo da ake bari tsakanin gonaki, a kan shinge shi da aguwa ko dashi, ya tashi daga mashekari ya kai mashaya, ya kai kasuwa. Makiyayi na bin sa, mai jaki na bin sa, haka mai tallar nono da ɗan makaranta. Dagaci ya san faɗinsa, kuma manomin da ya ci iyakarsa ya san zai amsa kira. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo a 1965, ECOWAS kuma ta amince da ka'idar zirga-zirgar makiyaya a 1998. Duk da haka garma ta yi ta gutsurar burtali, kunya ɗaya bana, biyu baɗi, har ya koma siririyar hanyar da saniya ba ta wucewa sai ta taɓa shuka. Daga ɓarna sai tara, daga tara sai gaba. Ba na cewa wannan kaɗai ya haifi 'yan bindiga, amma wanda ya cire shi daga lissafi bai san yankin ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka kora su daji a ƙafa. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin. Hanyoyin daji ba su mutu ba, masu su ne suka sauya.

A shekarar 2020 ɗin nan dai gwamnatin tarayya ta sanya dajin Kogo cikin sababbin gandun daji goma na ƙasa. Abin so ne. Amma gandun da aka killace ba tare da an fitar wa dabbobi hanyar kewaye shi ba, wata sabuwar rigima ce aka shuka.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu. Tun dokar karkara ta 1993 suke da kwamitocin filaye, inda manomi da makiyayi da sarakuna ke zama tare, kuma a yankin Maraɗi ana kafa turakun siminti a gefen burtali don kada wani ya ce bai ga iyaka ba. Aikin ba ya buƙatar kwangilar biliyoyi. A fito da tsofaffin taswirori, a zauna da dattawan Daudawa da na Sabuwa tun suna da rai, su nuna inda labi ya bi. A fara da zango guda inda ƙura ta lafa, a kafa turaku, a dasa gawo da tsamiya a gefe biyu, a haƙa mashaya. Manomin da aka karɓi kunyoyinsa kuwa a biya shi diyya kafin a kafa turke na farko a gonarsa.