Daren da kwamfutar Kawu ta ƙi tashi

A shagon kawuna da ke New Bell nake riƙe lissafi. Shi ke haɗa 'yan kasuwa da direbobin manyan motoci masu kwasar kaya daga tashar jiragen ruwan Douala zuwa N'Djamena, ta Ngaoundéré da Kousseri. Wanda ya biya, wanda ake bi bashi, lambar kowace kwantena, duk suna cikin kwamfuta guda 'yar gwanjo. Ni na lallashi Kawu ya ajiye littafinsa mai baƙin bango, da kyar kuwa.

Da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sai na ce bari in ɗora mata Windows 11. Bayan isha'i na fara, ban kwafe komai ba. Ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, batirinta kuma ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo sai ta kunna, ta rubuta da Faransanci cewa tana warware canje-canje, ta mutu, ta sake kunnawa. Haka muka kwana, ni da ita da sauro.

Da safe na kai ta wurin wani mai gyara a Akwa. Bai ko buɗe ta ba ya ce a goge komai a zuba sabo, jaka biyar. Na tambaye shi lissafin fa? Ya ɗaga kafaɗa. Na naɗe abata na fito.

Ɗan maƙwabcinmu, ɗalibi, shi ya cece ni. Ya ce a bar maganar gyara tukuna. Ya tada kwamfutar da Linux daga filas, sai ga fayilolin nan reras, muka kwashe su. Sannan ya riƙa danne maɓallin kashewa duk lokacin da ta fara tashi, sau uku, har shafin gyara ya buɗe. Can ya zaɓi cire sabuntawar ƙarshe. Ashe Windows kan adana tsohon tsarin ne domin irin wannan rana. Kafin la'asar ta dawo hayyacinta.

Ban gaya wa Kawu ba. Da magariba ya ce, "Ɗana, nawa muke bin direban Kousseri?"

Na karanta masa, gabana na faɗuwa. Ya sa hannu ƙarƙashin buzunsa, ya jawo littafin nan mai baƙin bango, ya lashi yatsa, ya buɗe shafin jiya.

"Ka rage jaka biyu," in ji shi.