Lokacin da Dodo ke da wurin ɓuya

Duk wanda ya san ƙasar da ke arewa da birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir ka miƙe Ɗambatta da Makoɗa, ko ka karkata Bichi da Tsanyawa, ya san ba ƙasar daji ba ce. Gona ce ta dafa gona. Iyakar wannan da wancan ba ta wuce ɗan layin gamba ko na lalle ba. Kowace ɗorawa da mai ita, kowane gawo an san wanda ke tsince 'ya'yansa ya kai wa awaki. Tun a shekarun 1960 wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, ya yi ta auna gonakin kewayen Kano yana mamakin yadda ake noma su shekara da shekaru babu hutu, jakuna na kai itace birni suna dawowa da taki. A irin wannan ƙasa, inda ko zomo sai ya yi dabara yake samun makwanci, ina ƙaton abu mai gashi buzu-buzu zai ɓuya?

Duk da haka mun tashi da Dodo, kuma ba wasa muka ɗauke shi ba.

Sirrin yana cikin damina. Da rani kana tsaye a bakin ƙauyenku kana hango kukar ƙauyen gaba, babu abin tsoro sai rana. Amma da watan Agusta ya kama, gero ya haura kan mutum, dawa ta bi bayansa ta wuce shi, sai ƙasar ta rufe. Hanyar da ka sani sarai ta koma siririn lungu mai duhu, ganye na shafar fuskarka, raɓa na jiƙa maka riga. A aike ka da magariba ka kai tuwo gidan gwaggo a unguwar gaba, iska ta kaɗa karan dawa ta bayanka, ka ji kamar wani abu na taka sawunka. Ka tsaya, ya tsaya. Wata uku zuwa huɗu muke samun dajinmu a shekara, kuma a cikinsu Dodo ke rayuwa. Da an yi girbi an kwantar da kara, sai ya yi ƙaura, babu mai tambayar ina ya tafi.

Kamanninsa kuwa daga bakin kakanni muka samu. Iya takan ce gashinsa har gadon baya, bakinsa ya isa ya haɗiye sa da ƙahonsa, kuma tun daga nesa yake jin ƙanshin ɗan'adam. Yana magana, yana da gida da rumbu, har aure yake nema cikin 'yan matan da suka raina samarin garinsu. Ga ƙarfi, ga wauta: Gizo ya sha yi masa wayo, karnuka sun sha yaga shi. Irin waɗannan tatsuniyoyi ne Frank Edgar ya tattara ya buga cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913, daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo su aji cikin Tatsuniyoyi da Wasanni. Mu dai a tabarmar tsakar gida muka fara jin su, kuma da an ƙare babu mai yarda ya zaga bayan gida shi kaɗai.

Abin da ya fi yi mini daɗin tunawa shi ne binciken da muka ɗora wa kanmu. In an kwana ana ruwa, da sassafe kafin dabbobi su fita su ɓata ƙasa, sai mu zagaya bakin kududdufi neman sawu. Mukan sami wani faffaɗa a cikin laka, mu karyo kara mu auna tsawonsa, mu ɓoye karan a jikin danga don kada wani ya ce ƙari muka yi. Babu wanda ya kawo zancen cewa ƙafar manomi in ta zame a taɓo tana barin sawu ninki biyu. Wata rana muka tsinci tufkar gashi baƙi maƙale a ƙayar aduwa, sama da inda hannunmu ke kaiwa. Muka naɗe shi a ganye muka nufi gidan Sarkin Baka, tsohon da ke da bindigar toka da warki da layu rataye a zaure.

"Baba, ga abin da muka samo."

Ya karɓa, ya murza, ya kai hanci. "Bunsuru ne, ja'irai. Miƙewa ya yi da ƙafa biyu zai ci ganye." Muka yi tsuru-tsuru. Har mun juya sai ya ƙara da cewa, "Amma kada in ƙara jin kun bi ta wurin nan bayan la'asar."

Haka yake, bai taɓa ce mana babu Dodo ba. Cewa yake mutane sun yi yawa, abin ya yi kudu, ya shige dajin Falgore ko duwatsun Ningi, ko ya yi yamma zuwa dajin Rugu. Kuma in ka duba, maganarsa ba ta rasa tushe ba, don ƙasar Kano ta taɓa zama daji sosai. Littafin tarihin sarakunan Kano ma ya ce Barbushe na Dutsen Dala da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Malamin allo nasa ra'ayin daban: in ma akwai shi, aljani ne, a riƙe addu'a. Malamin boko dariya kawai yake yi. Sai 'yan ci-rani, masu dawowa daga kurmi da goro da labari, su rantse cewa a can akwai birin da ya fi ƙato girma, yana miƙewa tsaye yana dukan ƙirji. Su ne aka fi ƙaryatawa a dandali.

Ranar da gardawa suka zo kasuwa da kura da gwaggon biri a ɗaure da sarƙa, an sa wa birin 'yar riga yana karɓar kwabo, mun zagaye shi muna duban hannunsa, yatsu da farce sak na mutum. Muka yanke hukunci cewa wannan ƙanen Dodo ne, yayan na can bai yarda an kama shi ba.

Sai da na girma na gane ba mu kaɗai ke auna sawu da kara ba. A 1951 wani mai hawan duwatsu ɗan Ingila, Eric Shipton, ya ɗauko hoton wani ƙaton sawu a kan ƙanƙarar Himalaya, aka ce na Yeti ne, wato Dodon mutanen can. A 1967 wasu mutum biyu, Roger Patterson da Bob Gimlin, suka fito da ɗan gajeren fim daga dajin Kalifoniya a Amurka, na wani abu mai gashi yana tafiya da ƙafa biyu yana waiwaye, har yau ana musu a kansa. Manyan mutane da gemunsu suna kwana a daji da na'urori suna neman wannan abu da suke kira Bigfoot. Da masana suka bincika ƙwayar halittar gashi da ƙashi da fatar da aka ce na Yeti ne, sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna takwas cikin tara na dabbar beya ne, ɗaya na kare. Hukuncin Sarkin Baka ke nan, shi da hanci kawai ya yanke nasa.

'Yan ci-rani kuwa ashe su ke da gaskiya. A duwatsun Kuros Riba, kan iyakar Najeriya da Kamaru, akwai gorila. Wani Bajamushe, Paul Matschie, ya bayyana irinsa a 1904, daga nan aka daɗe ba labari har masana suka fara zaton ya ƙare a Najeriya, sai a shekarun 1980 aka tabbatar yana nan. Ba su fi ɗari uku ba a duniya, kuma tsabar gudun mutane ya sa sai da aka ɗaura kyamarori a jikin itatuwa a duwatsun Mbe aka samo hotunansu da 'ya'yansu a 2020. Maharban yankin ba su taɓa shakkar akwai shi ba, ba a dai tambaye su da wuri ba ne.

A wajenmu babu wanda ya kashe Dodo da hujja. Gidajen bulo suka cinye gonakin bakin gari, babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, fitilar sola ta haske lungu, yaron da aka aika da dare yana tafe yana haska gabansa da waya. Tatsuniya ta bar tsakar gida ta koma takardar jarrabawa.

Biri na ƙarshe da ya tayar da ƙura a Kano ba daga gonar dawa ya fito ba. A watan Yunin 2019 labari ya bazu cewa wani gorila a gidan zu ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga da aka tara da Sallah. Jaridun duniya suka ɗauka, aka yi ta raha a shafukan sada zumunta, 'yan sanda suka shiga bincike. Daga baya gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce gidan zun ba shi da gorila ko ɗaya.