Aiki da Rinjayen Zato

Samarin garinmu, Bulkachuwa, waɗanda sukan tsaya su gaishe ni a ƙofar gida bayan la'asar, sun cika kawo mini ƙara guda, wai a zamanin nan gaskiya ta ɓuya: rediyo ya faɗi wannan, waya ta faɗi wancan, wannan malami ya halatta abin da wancan ya haramta, har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa, saboda haka gara a dakata tukuna sai al'amari ya bayyana. Ni kuwa, da yake Allah ya ja kwanana har na ga farin 1973 ina magidanci, abin da nakan ce musu shi ne, ba a taɓa yin wani zamani da haƙiƙanin al'amuran duniya yake zuwa wa mutum a fili kafin ya yi aiki ba. Aure da fatauci da noma da neman magani, duk a kan ƙaddarawa iyayenmu suka yi su, sai dai su ba su ɗauki dakatawa a matsayin tsira ba, domin sun san wanda ya ƙi yanke shawara lokaci ne zai yanke masa, shi kuwa lokaci ba ya tambayar kowa abin da ya fi so.

Wannan ba dabarar manoma da fatake kaɗai ba ce, abu ne da malamanmu na zaure suka karantar tun muna rungume da Ahalari da Iziyya, kafin a kai ga Risala. Sukan ce sanin ɗan Adam hawa-hawa ne: akwai yaƙini, wanda babu kokwanto a cikinsa, akwai zato, inda ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya, akwai shakka, inda biyun suka yi kunnen doki, sa'an nan akwai wahami, wato ɓangaren da aka rinjaya. Shari'a kuwa, saboda rahamar Ubangiji ga bayinsa, ba ta ɗora wa mukallafi kaiwa ga yaƙini a kowace mas'ala ta aiki ba, don da ta yi haka da ibada ta gagara. Matafiyin da dare ya riske shi a daji, hadari ya rufe taurari, ya rasa alƙibla, ba a ce masa ya ajiye salla sai gari ya waye ba. An ce ya yi ijtihadi, ya duba alamun da yake iya samu, ya fuskanci inda zatonsa ya rinjaya, ya kabbarta. In daga baya ya gane ya karkace alhali lokaci bai fita ba, an so ya sake. In kuwa lokaci ya fita, sallarsa ta yi. Wanda ya yi shakka ko raka'a uku ya yi ko huɗu, sai ya yi gini a kan abin da ya tabbata, ya ƙaro ɗaya, ya yi sujada ba'adi. Amma abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan babi, shi ne hukuncin mutumin da shakka ta aura, wanda kullum sai ta zo masa: shi fa cewa aka yi ya yi watsi da ita, kada ya biye mata, domin malamai sun gane cewa akwai kokwanton da yake taka-tsantsan ne, akwai kuma wanda yake cuta ne, maganinsa kuwa kau da kai.

To, mu fita daga zaure mu nufi gona, inda wannan karatu yake komawa tuwo ko yunwa.

A ƙasarmu ta Katagum, daga Azare zuwa Chinade da Madara har nan Bulkachuwa, damina gajera ce, galibi takan kankama a wajen watan Yuni, kafin Oktoba ta yi nisa kuwa ta ɗauke. Idan bazara ta tsananta, shamuwa ta iso, iska ta juyo daga kudu maso yamma, sai wata rana da dare a kece da ruwan farko, ƙasa ta yi ƙamshi, yara su yi ta murna, amma maigida ba ya barci, domin shi ya san tambayar da ke jiransa da asuba. Zai fita gona tun kafin rana ta ɗago, ya durƙusa, ya tona rairayi da hannunsa, ya ga inda laima ta tsaya. In ta tsaya a gaɓar yatsa, ya san yayyafi ne mai ruɗi, ya karkaɗe hannu ya koma gida. In ya zura hannu har wuyan hannu yana jin sanyi, ya dunƙula ƙasar ta kama jikinta ba ta warware ba, sai ya aika a ɗauko sungumi, shi yana gaba yana sara, yara suna biye da ƙoƙon iri suna zubawa suna rufewa da diddige. Duk da haka bai san gaibu ba. Mai yiwuwa ne sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiron ya fito ya ƙone, a yi asarar iri da wahala. Mai yiwuwa ne kuma ruwa ya zarce, wanda ya shuka da wuri ya riga kowa cin tumu, wanda ya tsaya jiran tabbas kuwa damina ta ƙare masa hatsinsa na cikin bununi.

Abin lura shi ne yadda tsofaffin manoma suke auna waɗannan kurakurai biyu, domin ba su tsaya ga tambayar wanne ya fi kusa da aukuwa ba, sukan tambayi wanne ne in ya auku ake iya gyarawa. Ƙwayar gero ƙanƙanuwa ce, ɗan abin da za a ɗiba a ƙwarya ya isa fili mai yawa, saboda haka in shukar farko ta mutu asarar ba ta karya gida, a sake wata; amma kwanakin damina in sun wuce babu kasuwar da ake sayo su. Wannan ne ya sa ake saurin jefa gero, har wasu su yi binne a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, alhali gyaɗa, wadda irinta ke da tsada da nauyi, ba a yi mata wannan ganganci, sai ruwa ya zauna. Kuma ban taɓa ganin dattijon kirki ya juye irinsa duka a shukar farko ba. Lalle sai ya rage wani abu a rumbu, ko a tukunya a ɗakin uwargida, wanda ko baƙo aka yi ba a taɓa shi. Haka nan cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, abin da wasu masu ilmin zamani suka taɓa ɗauka rashin tsari ne, ba komai ba ne illa shiri domin shekarar da ba a san halinta ba: in ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya nuna, in ya daɗe dawa ta yi kyau, wake kuma yana ƙarƙashi yana cin sauran laima. A farin 1973, da wanda ya biyo baya a 1984, kowa ya ji jiki, amma gidajen da suka fi saurin miƙewa su ne waɗanda yunwa ba ta sa sun daka irinsu sun ci ba.

Yanzu hukumar hasashen yanayi ta ƙasa takan fitar da bayani a farkon kowace shekara game da lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa, na kuma ji wasu suna cewa sauraronsa shisshigi ne ga ilmin Allah. Ni ban ga haka ba. Alama ce cikin alamu, ta fi zuwan shamuwa ƙarfi, amma ba ta kai yaƙini ba, su ma masu yin ta ba su ce ta kai ba. A saurare ta, sa'an nan a je a tona ƙasa.

Irin wannan awo ne ya fisshe wasu a rikicin canjin kuɗi na 2023, sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, kana Kotun Ƙoli ta ce a watan Maris tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. A tsakanin nan babu mai iya rantsuwa a kan abin da gobe za ta haifar. Wanda ya firgita ya karyar da hatsinsa ko akuyarsa don ya riƙe sabuwar takarda, ya yi kuka. Wanda ya bar dukiyarsa a buhu da turke, yana karɓar tsohon kuɗi gwargwadon abin da zai kashe a yininsa, bai yi asarar a-zo-a-gani ba.

Sa'an nan akwai ladabin da ke biyo bayan yanke shawara, wanda na ga ya yi ƙaranci. Idan mutum ya bincika iyakar iyawarsa, ya shawarci waɗanda suka san abin, ya yi istihara, ya ɗaura niyya, to, abin da ya biyo baya ba shi ne ma'aunin hankalinsa ba. Sau da yawa wawa yakan dace, mai hankali ya sha ƙasa, jama'a kuwa su bi sakamako su yabi na farko su zargi na biyu, wannan kuwa zalunci ne, har ma yana koya wa yara tsoron ɗaukar nauyi. Hadisi ya tabbata cewa alƙalin da ya yi ijtihadi ya dace yana da lada biyu, wanda ya yi ijtihadi ya kuskure yana da ɗaya. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba, sai ya tara Muhajirai suka saɓa, ya tara Ansaru suka saɓa, ya kira dattawan Ƙuraishawa suka ce a koma, ya yanke a kan komawa. Sai bayan haka Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka. Wato Halifa bai tsayar da jama'a a sahara yana jiran nassi ba, ya yi aiki da abin da ke hannunsa, nassi ya zo ya same shi a hanya.

Amma mas'alar da ta fi kowace tsaya mini a rai, ita ce ta rigakafin shan inna, domin a nan ne na ga mutanen kirki, masu tsoron Allah, masu son 'ya'yansu, sun yi shakka mai dalili, sa'an nan sun auna ta ba daidai ba. Dalilin kuwa sananne ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Saboda haka da magana ta tashi a 2003 cewa an sa wa maganin shan inna abin hana haihuwa, talaka ya tambayi kansa, me ya sa ake bin sa har gida da wannan kyauta alhali in zazzaɓi ya kama ɗansa sai ya sayi magani da kuɗinsa? Tambaya ce ta mai hankali, ban kuwa yarda da waɗanda suka kira ta jahilci ba. Gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin, ba a koma ba sai a Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi.

Sai dai a ɗora abin a kan ma'aunin nan na malamai. A ɓangare ɗaya akwai cutarwar da ake faɗa, wadda ba a nuna yaro ko ɗaya da ta sama ba, alhali ƙasashen Musulmi da yawa sun shekara da shekaru suna ɗiga wa 'ya'yansu maganin suna kuma hayayyafa. Wannan bai wuce wahami ba. A ɗaya ɓangaren akwai cutarwar da kowa yake gani da idonsa a bakin kasuwa da tashar mota, yaro yana jan gindi da takalman roba a hannuwansa, ƙafafu sun shanye, abin da babu boka babu likitan da ke mayar da shi. An guje wa abin da ake tsammani, aka faɗa wa abin da aka tabbatar, kuma kuskuren irin wanda ba a sake shuka ne. A 'yan shekarun da suka biyo baya cutar ta yaɗu daga Nijeriya zuwa ƙasashe kusan 20, har ta kai Sudan da Yaman da ita kanta Indunusiya.

Abin da ya kwantar da hankalin jama'a daga baya ba yawan bayani a rediyo ba ne. Sarakuna ne, a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, da hakimai da dagatai da limamai, suka riƙa fito da 'ya'yansu da jikokinsu ana ɗiga musu a bainar jama'a. Nan ma akwai abin koyi ga mai neman wanda zai yi wa taƙlidi a al'amarin da ya fi ƙarfin saninsa: ya dubi wanda in shawarar ta ɓaci shi ma zai yi kuka, ya fifita shi a kan mai murya a waya wanda ba a san gidansu ba. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, bayan an ga wanda ta kama na ƙarshe a Borno a 2016.

Har yanzu ma'aikatan suna zagayawa gida-gida da akwatunansu na ƙanƙara, suna shafa wa yaro shuni a ɗan yatsa, domin akwai wani reshe na ƙwayar, wanda asalinsa daga raunanniyar ƙwayar maganin ne, da yakan sami ƙarfi a inda aka bar yara da yawa ba rigakafi. Na faɗi wannan a fili don kada wani ya ji shi a wani wuri ya ce an ɓoye masa. Ya kai maigida, in sun yi sallama a ƙofarka, ka tambaye su duk abin da ya shige maka duhu, haƙƙinka ne. In sun amsa, ka fito da yaran.