Yaro da jami'a ya sa hannu, amma koci yake bi

Yau zancen ƙwallon kwando ne na jami'o'in Amurka, wanda matasanmu da dama ke kallo a waya, wasu ma suna fatan wata rana a kira su can. Mu da muke bin harkar mun lura da wani abu. In aka ce jami'a kaza ta ɗauki yaro, a takarda ne. Wanda ya je gidan iyayensa ya zauna, ya yi alkawari, koci ne. Shi kuma kocin yana da nasa kwantiragi da jami'a, kuma abin da ke ciki na iya juya rayuwar yaron cikin mako guda.

Mu duba abin da ya faru a 2024. Jami'ar SMU ta sallami kocinta, ta ɗauko Andy Enfield daga USC. USC ta ɗauko Eric Musselman daga Arkansas. Arkansas ta je Kentaki ta janyo John Calipari, mutumin da ya shekara 15 a can, ya ci musu kofin ƙasa a 2012. Kentaki kuma ta ɗauko Mark Pope daga BYU. Kujera ɗaya ta motsa, cikin ƴan makonni jami'o'i biyar suka canza mai horaswa.

Shi fa Calipari ba kwantiragi ya rasa ba. A 2019 ya sa hannu kan na shekara 10, dalar Amurka miliyan 86. Da Kentaki ce ta kore shi, sai ta biya shi sama da miliyan 30. Lokacin da ƙaramar jami'ar Oakland ta fitar da su a wasan farko na gasar watan Maris, magoya baya sun yi ta gunaguni, amma hukumar wasannin jami'ar ta ce yana nan daram. Ba a rufa wata ba ya tafi da ƙafarsa. Arkansas ta ba shi shekara 5, miliyan 7 kowace shekara, wato sama da miliyar 4 na CFA a canjin wancan lokacin.

To ina yaran? DJ Wagner, Zvonimir Ivisic da Adou Thiero suka tattara nasu ya nasu suka bi shi. Wasu uku da suka riga suka yi wa Kentaki alkawarin zuwa, Boogie Fland, Karter Knox da Billy Richmond, suka janye suka nufi Arkansas. Shi Adou Thiero iyayensa ƴan Mali ne, kuma mahaifinsa ya taɓa buga wa Calipari wasa a Memfis. Kun ga amanar gidan nan a hannun mutum take, ba a jikin gini ba. Da Mark Pope ya iso Kentaki, bai tarar da ko ɗan wasa ɗaya mai tallafin karatu daga tsohuwar tawagar ba. Wasu sun gama, wasu sun tafi NBA, sauran sun watse.

Abu biyu ne a kwantiragin koci ke shafar ɗaukar ƴan wasa. Na farko, shekarun da suka rage masa. Karatun jami'a shekara 4 ne, in koci saura shekara ɗaya ko biyu gare shi, abokan hamayya za su raɗa wa iyaye cewa kafin ɗanku ya gama wannan mutumin ya tafi. Shi ya sa jami'o'i ke ƙara wa koci wa'adi tun bai ƙare ba. Jami'ar Kansas ma a 2021 ta yi wa Bill Self kwantiragin shekara 5 da ke ƙaruwa da shekara ɗaya bayan kowace kaka, kullum ka duba saura 5. Na biyu, kuɗin rabuwa: nawa jami'a za ta biya in ta kore shi, nawa shi zai biya in ya tafi. In na korar ya yi yawa, da wuya a taɓa shi. In na tafiyar kaɗan ne, ƙofa a buɗe take.

Gaskiya a yanzu ƴan wasa sun samu sauƙi. A da koci zai tafi yau ya fara aiki gobe, shi kuwa yaro in ya canza jami'a sai ya zauna shekara guda ba wasa. A 2021 hukumar NCAA ta ɗage wannan ga canji na farko, a 2024 ta ɗage iyakar gaba ɗaya. Tun 2021 kuma suna iya samun kuɗi da sunansu ta hanyar talla. Amma wannan ƴanci ya fi amfanar taurari. Kocin da ya tafi zaɓaɓɓu yake ɗauka. Sabon da ya zo yana da salonsa da mutanensa. Yaron da ke tsakiya, ba tauraro ba, shi ake bari a rana.

Anan ne abin ya taɓa mu. Tun da NBA ta buɗe makarantarta a Senegal a 2017, hanyar Afirka zuwa jami'o'in Amurka ta ƙara faɗi. Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu daga can ya wuce Duke a 2024. Sai dai ɗan Afirka da bizar ɗalibi yake zaune, wadda ke ɗaure da makarantar da ta karɓe shi, kuma ta taƙaita masa aikin neman kuɗi. Ɗan Amurka in abu ya cuɗe, mota zai shiga ya koma gida. Namu fa?

Don haka iyaye da masu horaswa na unguwanni, in Allah ya kawo irin wannan dama, kada a yi cinikin biri a sama. A tambaya: shekara nawa suka rage wa kocin? In ya tafi, me takarda ta ce game da tallafin karatun yaron? Kuma shi yaron a tambaye shi ko zai iya zama a makarantar nan ya gama digiri ko da kocin ba ya nan. Kocin da lauya ya zauna kafin ya sa hannu. Yaronmu ma ya cancanci wanda zai karanta masa tasa takardar layi bayan layi.