Inshorar Tafiyar Teku: Jiki Kafin Jaka

Iyayenmu sun san teku ne a matsayin ruwan da alhaji ke tsallakawa daga Suwakin zuwa Jidda yana ta salati. Yau kuwa 'ya'yanmu da Allah Ya buɗa wa suna saya mana tikitin jirgin ruwa na yawon buɗe ido, a tashi daga Jidda ko Dubai, ko daga Basalona a zaga Bahar Rum. Tafiya ce mai daɗi, kuma tafiya mabuɗin ilimi ce. Sai dai na ga mutane suna kwana suna zaɓen ɗaki mai kallon ruwa, amma takardar inshora a tsaye suke sa mata hannu.

Abin da shekaru suka koya mini shi ne, mutum ya fara tanadar wa jikinsa kafin jakarsa. In akwati ya ɓata, a sayi wani. Ciwo a tsakiyar teku kuwa wani abu ne daban. Kowane babban jirgi yana da ɗan asibiti a benayen ƙasa, da likita da ma'aikatan jinya, amma ba kyauta ba ne. Katin nan da kake buɗe ɗakinka da shi, a kansa ake ɗora kuɗin ganin likita da allura da ƙarin ruwa. In abin ya fi ƙarfinsu, sai a sauke ka a tashar da ta fi kusa, ƙasar da ba ka jin harshenta, ko a ɗauke ka da jirgi mai saukar ungulu. Don haka tambayar farko ita ce: takardar nan ta ɗauki nauyin jinya a cikin jirgi, da kwashe maras lafiya, da dawo da shi gida? In rai ya yi halinsa, ta ɗauki nauyin gawa? Dattijo ba ya jin nauyin wannan tambaya.

Bizar ƙasashen Turai na Shengen tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Wasu suna ganin da sun sami wannan inshora shi ke nan. To, wasu takardun ba sa haɗawa da tafiyar jirgin ruwa sai an nemi ƙari, kuma dole a duba cewa kowace ƙasa da jirgin zai yada zango tana ciki. Araha ba ta ado.

Sai batun gaskiya. Wani aminina mai ciwon suga da hawan jini, da aka zo cike takarda, ɗansa ya ce, "Baba, a bar wannan layin, kuɗin zai ƙaru." Aka bar shi. Da jiki ya motsa a hanya, kamfanin ya nemi bayanan likitansa na gida, ya ga ciwon tsoho ne, ya ƙi biyan ko sisi. Gidan da ya gina don tsufansa shi ya biya asibiti. Ku faɗi ciwonku duka, da magungunan da kuke sha, ku kuma tambayi iyakar shekarun da suke karɓa.

Jirgin ruwa ba ya jiran kowa. In jirgin samanka ya makara, ko ka daɗe a kasuwar wani gari, zai yi ƙaho ya tashi, kai ne za ka bi shi da kuɗinka. A nemi takardar da ta ɗauki wannan, da fasa tafiya saboda rashin lafiya ko rasuwa. Akwai kuma abin da ba a zata ba: a Fabrairun 2020 an tsare jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutane kusan 3,700, fiye da 700 suka kamu da korona. Ba wanda ya hau shi da wannan lissafi.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, tsarin taimakekeniya bisa shari'a, kuma hukumar inshora ta NAICOM tana ba shi lasisi a Najeriya.

'Ya'yana, tanadi ba ya rage tawakkali. In za ku kai iyayenku teku, ku zauna da su ku karanta musu takardar layi-layi da Hausa, ku rubuta lambar kiran gaggawa ku sa musu cikin fasfo, sannan a yi addu'ar tafiya. Allah Ya kai lafiya, Ya dawo da kowa lafiya.