Durƙusa wa Kututture: Kasawa da Nasara a Idon Mai Bi

A rubutun boko akwai kalmomi biyu da alƙalami bai iya raba su: nasara, wato rinjaye, da Nasara, sunan da Bahaushe ya aro daga Larabci ya laƙaba wa Kirista, daga bisani kuma ga kowane Bature. Baki ne kaɗai ke bambanta su, ta jan wasali da karin sauti. A zamanin mulkin mallaka an yi saurin gwama su, domin mai bindiga da mai bishara launin fatarsu ɗaya. Amma wanda ya bi tarihin Kiristanci a ƙasar Hausa a tsanake zai tarar kasawa ta fi ganima yawa, kuma a cikinta ne mai bi ya koyi abin da bangaskiyarsa ke kira nasara.

A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kai bishara cikin ƙasar Sudan. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, ta wajen Zariya, Kent kuma a Bida, daga bisani Bingham ya koma Kanada hannu rabbana. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya maida shi. Sai a 1902 ƙungiyarsu ta SIM ta kafu a Patigi, a 1924 kuma ta iso Damagaram. Bayan kusan ƙarni guda, ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. In da yawan kai ake auna nasara, to da tuni an rufe lissafi.

Daga cikin magadan wannan ƙungiya akwai Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostareliya, wanda ya zo Maraɗi a 1981 domin dasa itatuwa. Ya yi renon dashe, ya raba wa ƙauyuka, amma fari da gara da awaki da iska mai yashi suka cinye mafi yawansu. Manoma kuwa ba su ga abin da zai sa su ba icce wurin hatsi ba, balle ga shi tun dokar Turawa icce na gwamnati ne, mai gona kan sha tara in ya taɓa shi. Kamar yadda ya sha ba da labari, wata rana a 1983 ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa don ya ratsa rairayi, ya dubi fili fetal, ya sallama cewa dubararsa ta ƙare, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro da ya saba wucewa, ya sunkuya ya duba ganyensa. Ashe tohon kututture ne, icce da aka sare tun da daɗewa amma saiwarsa na raye. Irinsu miliyoyi ne a gonaki, kowace shekara sassabe na aske su.

Maganin bai buƙaci kuɗi ba: a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a kan kututture, a datse sauran, a kare su har su zama icce. Manoma suka raɗa masa suna sassabin zamani. Duk da haka faɗuwa ba ta ƙare ba. A yunwar 1984 an haɗa rabon abinci da barin itatuwa a gona, dubban manoma suka yarda; da abincin ya yanke, akasarinsu suka sare abin da suka rena. Ƴan kaɗan da suka bari su ne suka ga itacen girki ya samu, iska ta rage binne shuka, maƙwabta kuma suka gani da idonsu.

A nan ne Matamaye ke da abin koyarwa. Wanda ya ratsa ƙasar Kance zai ga gonakin hatsi cike da gawo, iccen da ake ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu ya yi wa doka mai tsanani a ƙarni na 19. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi a 2006 ya kiyasta gonaki wajen hekta miliyan 1 da suka sake yin itatuwa a Magarya da Matamaye da Mirya. Galibin wannan aiki manoma ne, Musulmi, suka yi da kansu, suna kare tsiron gawo da ke fitowa daga takin dabbobi, suna koyi da juna. A faɗin kudancin Nijar an kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Rinaudo ya bar ƙasar a 1999, girman abin bai bayyana gare shi ba sai daga baya. Lambar yabo ta Right Livelihood ta same shi a 2018. Rabonsa a ciki shi ne durƙusawa, kuma Hausawa sun riga sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ga Kirista wannan tsari ba baƙo ba ne. Tsakiyar bangaskiyarsa gicciye ne, wanda a daular Rum hukuncin bayi da ƴan tawaye ne, kuma ranar da aka kafa shi almajirai watsewa suka yi. Bitrus, wanda ya fi kowa cika baki, ya yi musun Ubangijinsa sau uku, sai bayan ya yi kuka mai zafi aka danƙa masa kiwon garke. Bisa ga haka, kasawa a wurin mai bi makaranta ce: tana sauke masa tunanin cewa shi ne ya zo da rai a bayan mota, tana nuna masa cewa Allah ya riga shi isa gonar, kuma yakan yi aikinsa ta hannun wanda ya ga dama. Tawali'u shi ne yarda da haka ba tare da ƙyashi ba. Halin gawo ma ke nan: da damina, lokacin da kowane icce ke ado, shi yakan zubar da ganye ya tsaya kamar matacce, ganyen ya zama taki, hatsi ya sami rana, da rani kuwa sai ya yi kore, dabbobi su ci ƴaƴansa.

Wannan koyarwa ta sha gwaji. Ranar 16 ga Janairu 2015, a tarzomar da zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ya haddasa, an ƙone majami'u a Damagaram, kashegari kuma a Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu. Shugabannin ikkilisiya suka fito suka yi shelar yafewa, aka kuma sami maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu. A ma'aunin duniya an yi asara. A ma'aunin bangaskiya kuwa, wanda aka ƙone wa ɗakin sujada ya wayi gari bai ƙi maƙwabcinsa ba, ya tsira da saiwarsa, kuma daga saiwa ake sake toho.

Malamin da ke gaban yara ya san ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya sunkuyar da kai, ƙungiyar raya al'adu ma ta san shirin da ya rushe bayan an sha wahala. Kafin a yi musu hukunci, ya kyautu a duba ko akwai sauran rai a ƙarƙashin ƙasa.